Louis Braille: ɗalibin da ya ƙago rubutun makafi, shugabannin makarantarsa suka haramta shi

Ranar 4 ga watan Janairun kowace shekara, rana ce da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin rubutun makafi, wanda ake karantawa da kan yatsa. An soma bikinta a shekara ta 2019, kuma an zaɓe ta ne saboda a ranar aka haifi Louis Braille, Bafaranshen da rubutun ya ci sunansa. Idan ranar ta zagayo akan ji jawaban yabo daga bakin ministoci da daraktocin makarantu. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a zamanin da mutumin ke raye, masu irin waɗannan kujeru ne suka tare masa hanya. Yana ɗan shekara 15 ya gama tsara rubutun, amma sai da ya shekara biyu a kabari kafin hukumomin ƙasarsa su amince da shi.

An haifi Louis a shekara ta 1809 a Coupvray, wani ƙauye da ke kimanin kilomita 40 gabas da birnin Paris. Shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu na Simon-René Braille da matarsa Monique. Uban baduku ne, sana'arsa ɗinkin sirdi da linzami da sauran kayan dawakan manoman yankin, shagonsa kuma manne yake da gidan. Ba masu dukiya ba ne, amma suna da rufin asiri, da ɗan filin noma da gonar inabi.

Yana da shekara uku, wata rana ya shiga shagon ya ɗauki ɗaya daga cikin kayan aikin nan masu tsini, yana kwaikwayon yadda yake ganin babansa na huda fata. Ƙarfen ya zame ya soke shi a ido. A lokacin ba a san magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba. Idon ya kumbura, ciwon ya tsallaka zuwa ɗayan, kafin yaron ya cika shekara biyar ya daina gani baki ɗaya.

Makomar yaro makaho a ƙauyukan Faransa na wancan zamani ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san garuruwan ƙasar Hausa: sanda, ɗan jagora, da ƙoƙon bara a ƙofar wurin ibada. Iyayen Louis suka ƙi yarda da haka. Ba su killace shi a ɗaki ba. Uban ya sassaƙa masa sanda, yaron ya koyi lungunan ƙauyen da kansa. Limamin cocin garin, Jacques Palluy, ya lura da kaifin basirarsa, ya riƙa koya masa abubuwa da baki, daga baya ya shawo kan malamin makarantar ƙauyen, Antoine Bécheret, ya karɓe shi cikin aji tare da yara masu gani.

Wannan shi ne abin da masana ilimi ke kira yau karatun haɗaka, wato yaro mai naƙasa ya zauna aji ɗaya da sauran yara. A Coupvray an yi shi tun kafin a raɗa masa suna, an ga amfaninsa, an kuma ga inda ya tsaya. Duk abin da ake ji da kunne a haddace, Louis kan shiga gaban abokansa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mutanen da suka saba ganin makafi mahaddata Alƙur'ani. To amma da zarar an ce a buɗe littafi ko a ɗauki alƙalami, sai ya naɗe hannu. Benci aka ba shi, abin karatu kuwa malamin kansa ba shi da wanda zai ba shi.

Littattafan da aka yi wa idon malami

A watan Fabrairun 1819, yana ɗan shekara goma, limamin da wani basarake mai hali na yankin suka samo masa gurbi da tallafin karatu a makarantar yara makafi ta Paris, wadda a lokacin ake kira Institution royale des jeunes aveugles.

Makarantar na da nata tarihin. A shekara ta 1771 wani matashi mai aikin tafinta, Valentin Haüy, ya tarar an jera wasu makafi a wata kasuwar shekara-shekara ta Paris, an sa musu hulunan ban dariya da tabarau na kwali, an miƙa musu kayan kiɗa, jama'a na ta shewa. Abin ya tsaya masa a rai. A 1784 ya ɗauki wani saurayi makaho mai bara a ƙofar coci, François Lesueur, ya soma koya masa karatu. Sai da Haüy ya riƙa biyansa kwatankwacin abin da yake samu a bara kafin ya zauna, domin da kuɗin barar ake ci a gidansu. Duk daraktan da ya taɓa zuwa roƙon iyaye su saki yaro makaho ya je makaranta ya san wannan lissafi. Daga wannan ɗalibi guda makarantar ta tashi, daga baya gwamnati ta karɓe ta.

Dabarar Haüy mai sauƙin ganewa ce. A jiƙa takarda mai kauri, a danna ta kan manyan haruffan boko, idan ta bushe sai haruffan su fito da tudu yadda yatsa zai ji su. Niyya kyakkyawa ce, kuma ita ta fara tabbatar wa Turawa cewa makaho na iya karatu. Sai dai littattafan manya ne, masu nauyi da tsada, shi ya sa ƴan kaɗan ne makarantar ta mallaka. Kowane harafi sai yatsa ya bi lanƙwasarsa kafin ya gane shi, kuma haruffa irin su C da G, ko O da Q, waɗanda ido ke rabewa nan take, a ƙarƙashin yatsa kusan abu guda ne. Kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Babbar illa kuma, ɗalibi ba zai iya rubuta komai da wannan hanya ba, tunda sai da injin ɗab'i ake yin ta. Wanda ya fi jin daɗin waɗannan littattafai shi ne malami mai gani, domin yana duba shafin ya karanta ba tare da ya koyi wani sabon abu ba.

Ginin kansa tsoho ne, a titin Saint-Victor, mai danshi da duhu, iska ba ta ratsa shi, yara na yawan tari. Daraktan da Louis ya tarar, Sébastien Guillié, mutum ne mai tsanani. An sauke shi a 1821, aka kawo Alexandre-René Pignier, wanda ya zama gatan Louis na tsawon shekaru. Ban da darussan aji, ana koya wa yaran sana'o'in hannu irin su saƙa da ɗinkin takalman cikin ɗaki, sannan kiɗa, wanda a lokacin shi ne hanya mafi tabbas da makaho zai ci abinci ba tare da bara ba.

Daga ɗigo 12 zuwa 6

A wannan shekara ta 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara. Mai ita, Charles Barbier, tsohon hafsan soja ne a rundunar masu harba igwa. An daɗe ana ba da labarin cewa ya ƙago ta ne domin sojoji su riƙa aika saƙo cikin dare ba tare da kunna fitila ba, amma binciken da aka yi kan takardunsa a ƴan shekarun nan ya nuna cewa tun farko makafi da mutanen da ba su samu koyon rubutu ba ya nufa. Barbier ya watsar da siffar haruffa gaba ɗaya, ya koma ga ɗigo masu tudu. Kowace alama tana da gurbin ɗigo har 12, layi biyu a tsaye, shida-shida, kuma tana wakiltar sauti ɗaya cikin jadawalin sautuka 36 na Faransanci. Ya haɗa da allo mai ramuka da tsinken huda takarda.

Ɗalibai suka yi murna. A karon farko makaho zai rubuta abu da hannunsa, ya dawo gobe ya karanta shi, ba tare da ya nemi mai ido ba. Amma su da ke amfani da abin kullum ba su daɗe ba suka gano aibinsa. Tsayin ɗigo shida ya fi ƙarfin kan yatsa, dole sai an yi sama an yi ƙasa ana ƙirgawa. Babu alamar aya ko waƙafi, babu lambobi. Sannan tunda sauti ake rubutawa, ƙa'idar rubutu ta faɗi ke nan. Duk wanda ya sha wuyar shifta a makarantar boko ta Faransanci ya san cewa ver, vert da verre furucinsu ɗaya, ma'anarsu uku: tsutsa, kore, da gilashi. A tsarin Barbier duk rubutu guda ne. Yaron da ya tashi da shi ba zai taɓa rubuta wasiƙar da mai gani zai ɗauka da daraja ba.

Louis na da shekara 12 a lokacin. Ya ɗauki allo da tsinke ya shiga gwaji, da dare bayan abokan ɗakinsa sun yi barci, da kuma lokacin hutu a Coupvray. Tsinken da yake huda takarda da shi bai da maraba da basillar dukawa, irin kayan aikin da ya tashi yana ji a shagon babansa. Shekara uku ya yi yana wannan aiki. A 1824 ya fito da tsarin da har yau ba a sauya ginshiƙinsa ba.

Abin da ya yi shi ne ya raba gidan Barbier biyu. Ɗigo shida kacal, uku a hagu uku a dama, girman da kan yatsa zai rufe ya gane a taɓawa ɗaya. Ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa: 1, 2, 3 a hagu, 4, 5, 6 a dama. Idan aka cuɗanya waɗannan shida ta kowace fuska, ana samun alamomi 63. Kowace alama kuma harafi take wakilta, ba sauti ba, don haka makaho zai rubuta kalma daidai yadda mai gani ke rubuta ta.

Hikimar ta fi fitowa a yadda ya jera su. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, ɗigo huɗu na sama kawai suke amfani da su: a ɗigo na 1 ne, b na 1 da 2, c na 1 da 4, haka har zuwa j. Goma na biye, daga k zuwa t, su ne dai waɗancan goma, an ƙara musu ɗigo na 3. Sauran kuma a ƙara na 3 da na 6. Ke nan yaron da ya riƙe goman farko ya ci rabin aikin. Lambobi ma ba su buƙaci sabon abu ba: a sa alamar lamba a gaba, sai a ta zama 1, b ta zama 2, j ta zama sifili. Harafin w ne kaɗai ya fita daga wannan jeri, saboda Faransanci bai cika amfani da shi ba, sai daga baya aka samo masa gurbi. Da Bahaushe ne ya tsara abin, wanda da wuya ya yi jimla biyu babu wani, wata ko wannan, da ba a bar w a baya ba.

Wajen rubutu da allo, ta bayan takardar ake hudawa, don haka ana farawa daga dama zuwa hagu kamar mai rubutun ajami, kowace alama a juye. Idan an gama sai a kifa takardar a karanta daga hagu zuwa dama. Da jin bayani abin kamar zai rikita yaro, amma hannu kan saba da shi da wuri.

A 1829, yana ɗan shekara 20, ya wallafa ƙaramin littafin da ya bayyana tsarin, har da yadda za a rubuta kiɗa da shi. A ciki ya ambaci Barbier, ya amsa cewa daga wurinsa tunanin ɗigo ya samo asali. Bugun farko na da ƴan gajerun layuka haɗe da ɗigon. Da ya ga suna wahalar da yatsa, ya cire su a bugu na biyu na 1837. A wannan shekara ce kuma makarantar ta buga littafi na farko cikin sabon rubutun, taƙaitaccen tarihin Faransa mai juzu'i uku.

Louis bai bar makarantar ba har ƙarshen ransa. A 1828 aka naɗa shi mataimakin malami, a 1833 ya zama cikakken malami, yana koyar da nahawu da lissafi da labarin ƙasa da kiɗa. Ya ƙware a babban abin kiɗan nan na coci mai bututai da ake kira orgue, ya yi shekaru yana kaɗa shi a cocin Saint-Nicolas-des-Champs, daga baya a wani cocin na Paris. Bai manta da cewa makaho na buƙatar rubuta wa masu gani ba: a 1839 ya fito da wata hanyar zana haruffan boko da ɗigo, yadda ido zai karanta, yatsa ma ya ji, kuma wani abokinsa makaho, Pierre Foucault, ya ƙera na'urar da ke sauƙaƙa wannan aiki. Tun wajen 1835 kuwa tarin fuka ya soma bayyana a jikinsa, ciwon da ya ci ɗalibai da yawa a wancan gini mai danshi.

Shekarun haramci

Muddin Pignier na kan kujera, ɗalibai na amfani da rubutun Louis a fili, duk da cewa hukumomin da ke sama ba su sa masa hannu ba. A 1840 aka kawar da Pignier, mataimakinsa Pierre-Armand Dufau ya gaje shi, al'amura suka juya.

Dufau ba jahili ba ne, ya yi rubuce-rubuce kan ilimin makafi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce gaba ɗaya. A ganinsa, idan aka ba makafi rubutun da su kaɗai suka iya, an ƙara gina katanga tsakaninsu da sauran jama'a. Gara su wahala su koyi haruffan da kowa ya sani. Malamai masu gani da yawa, a Faransa da wajenta, haka suka ɗauka. Amma a ƙarƙashin wannan hujja akwai wata da ba a faɗa da ƙarfi. Karɓar rubutun ɗigo na nufin malami mai gani ya koma ɗalibi, ya koyi abin da yaran ajinsa suka fi shi iyawa. Yana kuma nufin makafi za su iya koyar da ƴan uwansu ba tare da shi ba.

Sabon daraktan ya hana amfani da rubutun Louis a makarantar. Ya sa aka ƙona tsofaffin littattafai masu haruffan tudu domin ya shigo da salon haruffan da ya fi so. Aka ƙwace alluna da tsinkuna. Louis yana nan cikin makarantar, malami ne, ga ciwo, yana ji ana hukunta yara saboda abin da ya ƙago musu.

Yaran ne suka ƙi. Aka raba su da tsinke, suka koma huda takarda da ƙusa da cokali mai yatsu da allurar saƙa. Manya na koya wa sabbin shiga a ɓoye cikin ɗakin kwana. Da shi suke rubuta darasin da aka yi musu da rana, da shi suke aika wa juna saƙon da mai gadi ba zai iya karantawa ba. Wanda ya ɗanɗani rubuta tunaninsa da kansa, da wuya doka ta mayar da shi ga lalube.

Wanda ya warware rikicin mataimakin Dufau ne, Joseph Guadet, mai gani, wanda ya tsaya ya lura da yadda yaran ke karatu, ya ga bambancin sauri tsakanin hanyoyin biyu, ya shawo kan maigidansa. Dama ta samu lokacin da makarantar ta tashi daga tsohon gininta. Tun 1838 marubucin nan kuma ɗan majalisa Alphonse de Lamartine ya kai kukan halin da ginin ke ciki gaban majalisar dokoki, aka ware kuɗin gina sabo a boulevard des Invalides. Ranar bikin buɗe shi, a watan Fabrairun 1844, Guadet ya yi wa manyan baƙi bayanin tsarin, ya kira sunan Louis Braille a gaban jama'a. Sannan aka yi gwaji: aka fitar da ɗalibi ɗaya waje, aka yi wa wani shifta ya rubuta da ɗigo, aka dawo da na wajen ya ɗora yatsa ya karanta tsaf. Daga ranar haramcin ya faɗi a cikin makarantar. Dufau kansa daga baya ya sauya ra'ayi, abin da ya cancanci a faɗa masa, domin ba kowane shugaba ke iya haka ba.

Louis bai samu lafiyar more wannan nasara ba. Ciwon ya ci gaba da cinsa, aka rage masa darussa, yakan koma Coupvray ya huta ya dawo. Abokansa sun shaide shi da yawan kyauta da ba da rance daga ɗan albashinsa. Sun ba da labarin wani ƙaramin akwati da ya bar wasiyyar a ƙona. Da aka duba, takardun basussukan da yake bin mutane ne. Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1852 a ɗakin jinya na makarantar, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Aka kai gawarsa ƙauyensu aka binne. Jaridun Paris ba su ɗauki mutuwar a matsayin labari ba.

A 1854 Faransa ta amince da rubutun a hukumance. Sauran ƙasashe kuwa sai da kowace ta maimaita gardamar Dufau da kanta. A Ingila wani likita da idonsa ya raunana, Thomas Armitage, ya kafa ƙungiya a 1868, ya kuma yi abin da ba a saba ba: ya ce makafi masu karatu da yatsa su ne za su gwada duk tsare-tsaren da ke akwai su zaɓa. Suka zaɓi na Braille. A 1878 wani babban taro a Paris ya amince da shi a matsayin rubutun makafi na ƙasa da ƙasa. A Amurka an yi shekaru da dama ana jayayya tsakanin tsare-tsaren ɗigo masu gaba da juna, har makaho kan koyi rubutu uku ko huɗu kafin ya iya karanta littattafan da ke akwai. Sai a 1932 aka daidaita rubutun Ingilishi tsakanin Amurka da Ingila. A farkon shekarun 1950 hukumar UNESCO ta jagoranci daidaita shi a harsuna da yawa, ciki har da Larabci, wanda a rubutun Braille daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Da wannan ne ake buga Alƙur'ani na makafi a yau.

A yankin nan, makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato ta Najeriya, wadda aka buɗe a 1953, na cikin na farko da suka koyar da shi. A Nijar, makarantar makafi ta Yamai da azuzuwan haɗaka na koyar da na Faransanci, wato ainihin wanda Louis ya tsara, har da alamomin haruffa irin su é da ç. Hausa ma ana rubuta ta da ɗigo shida, an samar wa haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ gurabensu a Najeriya. Tunda Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, batun littattafan Hausa na makafi ya zama aikin da ke jiran masu tsara manhaja.

Matsalolin da malamai da daraktoci ke fama da su yanzu, da yawansu Louis zai gane su. Allo da tsinke ba su da tsada sosai, amma takarda mai kauri na da ita, kuma littafin aji guda idan aka mayar da shi ɗigo yakan zama juzu'i da yawa. Na'urar Perkins mai maɓallan ɗigo shida, wadda ta fito a 1951, ta fi allo sauri nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Takardun jarrabawar BEPC da BAC sai an juya su tun kafin ranar, amsoshin ɗalibi kuma sai an samu mai juyo su ga mai gyara. Babbar matsala ita ce ta Bécheret: yaro na cikin aji, malaminsa bai iya karanta abin da ya rubuta ba. Alhali mai gani da ido yake karanta ɗigon, ba sai ya horar da yatsa ba, kuma saboda yadda aka jera haruffan goma-goma, riƙe su ba aikin shekara ba ne.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ambaci rubutun Braille da sunansa a sashenta na 24 da ya shafi ilimi. Yarjejeniyar Marrakech ta 2013 ta ba ƙasashen da suka shiga cikinta damar juya littattafai zuwa rubutun makafi ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, da kuma musayarsu tsakanin ƙasa da ƙasa, abin da ke da muhimmanci ga ƙasashen da ke karatu da harshe ɗaya.

Sai kuma sabuwar gardama. Wayoyin salula na magana yanzu, da TalkBack ko VoiceOver, kwamfuta ma na karanta wa makaho shafi da manhajar NVDA wadda kyauta ce. Waɗannan sun buɗe wa makafi ƙofofin da ba a taɓa zato ba, har wasu masu riƙe da kasafin kuɗi suka fara tambayar ko akwai sauran buƙatar kashe kuɗi kan ɗigo da takarda. Amma murya sauti take bayarwa, kamar tsarin Barbier. Yaron da ya ji verre daga bakin waya bai san da r biyu ake rubuta ta ba, kuma lissafi mai hawa-hawa ba ya zama a kunne yadda yake zama a ƙarƙashin yatsa. Shi ya sa aka ƙera na'urorin da ke haɗuwa da waya ko kwamfuta suna tasar da ɗigon Braille layi bayan layi, ko da yake tsadarsu ta sa har yanzu ƙalilan ne ke da su a Afirka.

A watan Yunin 1952, shekara ɗari bayan rasuwarsa, gwamnatin Faransa ta tono ƙasusuwan Louis Braille ta kai su Panthéon, inda ake ajiye manyan mutanen ƙasar. Makafi daga ƙasashe da dama suka bi gawar a titunan Paris da sandunansu, Ba'amurkiyar nan Helen Keller, wadda ba ta ji ba ta gani, na cikin waɗanda suka zo bikin. Mutanen Coupvray ba su so a raba su da ɗansu ba, sai aka yi sulhu: aka bar musu ƙasusuwan hannayensa biyu, suna nan cikin wani ƙaramin mazubi a kan tsohon kabarinsa. Gidan da aka haife shi kuma ya zama gidan tarihi, har da shagon dukancin babansa.